Jules et Jim: me ya cinye abotar da yaƙin duniya ya kasa rabawa?

A watan Oktoban 2023 Henri Serre ya mutu a Faransa yana da shekara 92. Shi ne na ƙarshe da ya rage cikin 'yan wasa ukun da suka ja fim ɗin Jules et Jim, wanda François Truffaut ya ba da umarninsa, aka kuma fara haska shi a Paris cikin Janairun 1962. Oskar Werner ya riga shi tun 1984, Jeanne Moreau ta bi a 2017. Duk sa'ad da ɗayansu ya mutu sai sunan fim ɗin ya sake cika jaridu, tsohuwar gardama kuma ta dawo sabuwa. Wasu na kiransa fim ɗin soyayya. Wasu na cewa ai na abota ne, tunda sunayen maza biyu ya ɗauka. Akwai kuma masu ganin tallar baɗala ce aka lulluɓe da kiɗa mai daɗi. Wanda ya ci karo da waɗannan maganganu bai ga fim ɗin ba, dole kansa ya ɗaure: yaya aka yi fim ɗin da hukumar tace fina-finan Faransa ta haramta wa 'yan ƙasa da shekara 18 ya koma abin da ake karantar da ɗalibai da shi a makarantun koyon fim?

## Yadda labarin ya gudana

An soma ne a Paris wajen 1912. Jim Bafaranshe ne, dogo, mai farin jini wajen mata. Jules baƙo ne daga ƙasar masu jin Jamusanci, mai kunya, wanda duk macen da ya nema sai ta kuɓuce masa. Dukansu marubuta ne, kuma sun zama kamar tif da taya. Kullum suna tare, wannan ya karanta wa wancan waƙoƙin harshensa ya fassara masa, su je gidan motsa jiki su yi dambe irin na Faransawa, su raba dare suna hira a gidan shan gahawa. Abin duniya bai dame su ba.

Wata rana a gidan abokinsu Albert suka ga hoton wani tsohon sassaƙen dutse, fuskar mace mai wani irin murmushi. Murmushin ya tafi da hankalinsu har suka yi tattaki zuwa wani tsibiri a tekun Adriyatik don su gan shi ido da ido, suka kuma ɗauki alkawarin duk ranar da suka ga mace mai irinsa za su bi ta. Ba a jima ba sai ga Catherine. A da ba sa yi wa juna iyaka a kan 'yan mata, amma a kanta Jules ya roƙi Jim cikin lalama da ya bar masa wannan.

Catherine ba ta zaman jiran a ba ta dama. Ta sa kayan maza, ta zana gashin baki, ta fita titi da su har wani mai wucewa ya ɗauke ta namiji. A kan wata gadar ƙafa ta ce a yi tsere, ta zura da gudu tun ba a gama ƙirga ba, ta kuma ci. Wani dare da suka fito daga gidan wasan kwaikwayo, Jules ya shiga kushe mata yana kafa hujja da maganganun mawaƙi Baudelaire, Jim kuma bai tanka ba. Ba ta tsaya dogon musu ba, sai kawai ta faɗa kogin Seine da kayanta. Daga baya ta sa wa Jim lokaci a wani gidan gahawa don ta nemi shawararsa, ya jira ya gaji ya tafi, tana zuwa ta tarar ba ya nan. Abin da ya biyo baya shi ne wayar Jules: shi da Catherine za su yi aure.

Sai yaƙin 1914 ya ɓarke. Aka ɗauki Jim a rundunar Faransa, Jules a ɓangaren abokan gaba. Babban tsoron kowannensu kada harsashinsa ya sami amininsa. Duka biyun suka tsira. Bayan an ajiye makamai a 1918 Jim ya kai musu ziyara a wani gidan katako a daji kusa da kogin Rhin, inda suke zaune da 'yarsu Sabine. Daga waje gida lafiya lau. A ciki kuwa aure ya riga ya rube. Jules da bakinsa ya gaya wa Jim cewa Catherine tana neman wasu maza, ta taɓa barin gida wata shida, kuma Albert na son aurenta. Da ya lura zuciyarta ta karkata ga Jim, sai ya ce masa ya so ta, ya aure ta, shi dai a bar shi ya riƙa ganinta.

Suka zauna su uku a gida ɗaya na ɗan lokaci. Jim da Catherine suka so haihuwa, ba ta samu ba. Jim ya koma Paris wajen tsohuwar budurwarsa Gilberte. Wasiƙu suka riƙa saɓani a hanya, ta sulhu ta isa bayan an riga an aika ta fushi. Ciki ya shiga, ya zube. Shekaru suka shuɗe. Ranar da Jim ya gaya wa Catherine zai auri Gilberte, bindiga ta ɗauko masa, ya tsere ta taga. Haɗuwarsu ta ƙarshe a gidan sinima ce, ana nuna labaran yadda 'yan Nazi ke ƙona littattafai, abin da ya faru a 1933. Da suka fito, Catherine ta ce Jim ya shigo motarta tana da magana, ta ce wa Jules ya zuba musu ido da kyau. Ta tuƙa motar ta hau wata karyayyiyar gada, suka afka ruwa. Jules kaɗai ya raka gawarwakin inda aka ƙone su.

## Kalmomi uku da ke rikita mai karatu

Ta farko ita ce Nouvelle Vague, wato sabuwar igiyar ruwa, ko a ce sabon yayi. 'Yar jarida Françoise Giroud ce ta yaɗa kalmar a mujallar L'Express a 1957 tana nufin matasan Faransa gaba ɗaya, kafin ta manne wa wasu samari masu sharhin fina-finai a mujallar Cahiers du cinéma: Truffaut, Jean-Luc Godard, Claude Chabrol, Éric Rohmer da Jacques Rivette. Kukansu shi ne fina-finan Faransa na lokacin sun zama kayan kamfani, ana ɗaukar su a cikin ɗaki da fitilu masu tsada, darakta kuma ɗan aiwatar da abin da wasu suka rubuta ne kawai. Truffaut ya caccaki wannan tsari a wata maƙala a 1954 yana ɗan shekara 21. Da suka sami dama sai suka fita titi da ƙananan kyamarori, da hasken rana, da ma'aikata kaɗan. Dogon fim ɗin Truffaut na farko, Les Quatre Cents Coups, ya ba shi kyautar gwarzon darakta a bikin fina-finai na Cannes na 1959. A Jules et Jim ana ganin salon ƙarara. Kyamarar Raoul Coutard tana gudu tare da masu tsere a kan gada, hoto kan tsaya cak a kan fuskar Catherine na ɗan ƙiftawar ido, an cusa ainihin hotunan fagen yaƙi a tsakiyar labari, ga kuma muryar mai ba da labari tana zuba da sauri kamar mai gudun kada lokaci ya ƙure masa.

Wannan yayi yana da jijiya a Nijar. Jean Rouch, Bafaranshen da ya shafe shekaru yana ɗaukar fim a bakin kogin Kwara, ya yi Moi, un noir a 1958 da 'yan ci-ranin Nijar a Abidjan, kyamara a kafaɗa, ba tare da rubutaccen wasa ba. Godard ya yaba fim ɗin ƙwarai, kuma masana tarihin sinima na lissafa shi cikin abubuwan da suka buɗe wa samarin Paris ido. Jarumin fim ɗin, Oumarou Ganda, shi ne ya zama darakta daga baya, ya kuma ci babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka da ake yi a Wagadugu, a 1972. Rouch kansa a hatsarin mota ya mutu kusa da Birnin Ƙonni a 2004.

Kalma ta biyu ita ce auteur, ma'ana marubuci. Ra'ayin samarin Cahiers shi ne darakta ne mai fim, kamar yadda marubuci yake mai littafi. Wannan ya ɗaga darajar darakta, ya kuma ɗora masa kaya: duk abin da aka gani a fim sai a ɗauka ra'ayinsa ne. Shi ya sa da gardama ta tashi, wuyan Truffaut aka kama.

Ta uku ita ce ménage à trois, gida mai mutum uku. A nan mai karatun Hausa ke iya yin kuskure ya kwatanta shi da auren mace fiye da ɗaya. Ba su haɗa hanya ba. Auren mata biyu a Musulunci aure ne mai waliyyi da sadaki da shaidu da rabon kwana da gado. Abin da ke cikin fim ɗin zama ne da babu dokar da ta san da shi, ko ta addini ko ta ƙasar Faransa. An yi maganar Jules zai saki Catherine don Jim ya aura, amma auren bai taɓa ɗauruwa ba.

## Mutanen gaske da ke bayan labarin

Ba ƙagaggen labari ba ne zalla. Henri-Pierre Roché, dillalin zane-zane kuma abokin manyan masu zane irin su Marcel Duchamp, shi ne Jim. Franz Hessel, marubuci Bajamushe daga gidan Yahudawa, shi ne Jules. Sun haɗu a Paris a 1906. Hessel ya auri Helen Grund a 1913, soyayyarta da Roché kuma ta soma a 1920 da sanin mijin, ta watse da ɗaci a 1933. Hessel ya gudo Faransa daga mulkin Hitler, hukumomin Faransa suka tsare shi a sansanin Les Milles, ya mutu a Janairun 1941 jim kaɗan bayan an sake shi. Bayan mutuwarsa ne Roché ya zauna rubuta littafin, wanda ya fito a 1953, marubucin ya haura shekara 70, kuma shi ne ƙagaggen labarinsa na farko. Wannan na da muhimmanci wajen warware gardamar soyayya ce ko abota. Tsoho ne ya rasa amininsa, ya ɗauki alƙalami yana tuna shi.

Littafin bai yi kasuwa ba. Truffaut ya tsince shi cikin tsofaffin littattafai na gwanjo a tsakiyar shekarun 1950, ya yabe shi a wani sharhi, Roché ya gani ya rubuto masa, suka ƙulla zumunci ta wasiƙa. Roché ya mutu a Afrilun 1959 bai ga fim ɗin ba. Helen kuwa ba ta afka ruwa da kowa ba. Ta kalli fim ɗin da idonta, ta rubuta wa Truffaut wasiƙa, ta rayu har 1982. Ɗanta Stéphane Hessel, wanda aka haifa a 1917, ya yi gwagwarmaya da 'yan Nazi, ya tsira daga sansanin Buchenwald, ya zama jami'in diflomasiyyar Faransa, ya mutu a 2013.

## A ina ɓarakar ta soma?

Amsa mafi sauƙi, wadda mafi yawan masu kallo ke fara kamawa, ita ce Catherine. Maza biyu na zaune lafiya, mace ta shigo, komai ya dagule. Masu wannan ra'ayi na da abin nunawa. Tana yawo da kwalbar ruwan guba mai ƙona fata wadda ta ce ta tanada don idanun maƙaryata. Duk laifin da take ganin an yi mata sai ta rama da neman wani namiji, don a cewarta lissafi ya koma daidai. Ita ce ta ɗauko bindiga, ita ce ta tuƙa mota. Rauninsa shi ne bai bayyana dalilin da ya sa mazan ba su taɓa juya wa juna baya saboda ita ba. In da kishi ne ya raba su, da an ga gaba. Har fim ya ƙare babu inda ɗaya ya ɗaga wa ɗaya murya.

Amsa ta biyu ita ce yaƙi. Kafin 1914 fim ɗin gudu yake, cike da dariya da kekuna da bakin teku. Bayan 1918 sai tafiyar ta yi nauyi. Jim ya zagaya maƙabartun sojoji kafin ya isa gidan amininsa, Jules kuma ya janye daga birni ya koma nazarin ƙwari. Faransa ta rasa soja kusan miliyan 1.4 a wannan yaƙi, Jamus kusan miliyan 2. Masu wannan fassara na ganin Jules da Jim a matsayin Turai kanta: Bafaranshe da Bajamushe da suka ɗauka adabi ya fi ƙarfin iyakar ƙasa, sai tarihi ya ƙaryata su sau biyu, na biyun da wutar da ke cin littattafai a allon sinima. Fassara ce mai ƙarfi. Sai dai fim ɗin da kansa ya nuna abotar ta fito daga ramin yaƙi da ranta. Sun koma rubuta wa juna wasiƙa, sun rungumi juna da suka haɗu.

Amsa ta uku tana wurin mazan ne, kuma ita ce ta fi dacewa da abin da ake gani a allo. Hausa na da kalmar da ta kama abin da Jules ya yi: kara. Kara abu ne mai kyau, mutum ya haƙura da haƙƙinsa don ganin idon wani. Kawaici ma haka. Amma karar Jules ta wuce gona da iri, har ta kai ga miƙa matarsa, kuma in an duba da kyau ba don Jim ya yi ba. Tsoron kada Catherine ta tafi gaba ɗaya ne ya sa ya gwammace ta faɗa hannun wanda ya sani. Wato ya mai da amininsa igiyar ɗaure matarsa. Jim kuma ya karɓa, alhali bai rabu da Gilberte ba, yana riƙe da ita a Paris kamar ajiya. Kowannensu ya ga rauni a ɗan'uwansa, babu wanda ya faɗa.

Akan ce zo mu zauna, zo mu saɓa, kuma harshe da haƙori ma sukan saɓa. Amfanin amini shi ne ranar da ka ɗauko hanyar da ba ta ɓullewa ya tare ka, ko da za ku kwana biyu ba ku gaisa ba. Jules da Jim ba su taɓa yin wannan ba. Wanda ya ji Faransanci zai lura da wani ƙaramin abu: duk tsawon shekarun nan da vous suke kiran juna, lafazin girmamawa, irin yadda Bahaushe kan ce wa babba "ku". A zamaninsu da ajinsu hakan ba baƙon abu ba ne, amma a kunnen mai kallo yana ƙara nuna wata 'yar tazara ta ladabi da ba su taɓa tsallakewa ba.

A duba kuma abin da suke hira a kai. Kafin aure, waƙa ce da fassara da littafin da Jim ke rubutawa kan abotarsu, wanda Jules ya ce zai mayar da shi Jamusanci. Bayan yaƙi kusan duk zaman da suka yi su biyu, zancen Catherine ne: tana ina, me take so, yaya za a yi kada ta tafi. Jules ya koma ɗan aike, shi ke rubuta wa Jim halin da take ciki, shi ya sanar da shi zubewar cikin. Mutanen da a da ba sa wuni ba su ga juna ba, haɗuwarsu biyu na ƙarshe duk katari aka yi. Zumunci a ƙafa yake, ƙafar kuwa ta daina zuwa tun kafin mota ta faɗa ruwa.

Sai a koma kan sassaƙen dutsen nan. Tun kafin su ga Catherine sun riga sun ƙera macen da suke so, daga dutse, su biyu. Da ta bayyana sai suka sa mata rigar. Jules na kiranta sarauniya, yana kwatanta ta da ƙarfin halitta da ba a iya tarewa. Wanda aka ɗauka sarauniya ko guguwa ba a yi masa faɗa, ba a kuma tambayarsa me ke damunsa. Faɗawarta kogi a daren nan ta biyo bayan maganar raini da ɗaya ya yi, ɗaya kuma ya yi shiru. Abin ya burge Jim, amma babu wanda ya nemi gafararta.

Akwai masu cewa abotar ba ta mutu ba sam. Hujjarsu ita ce kalaman rufewa, inda mai ba da labari ya ce abotar mutanen biyu ba ta da kwatankwaci a soyayya, kuma kowannensu ya karɓi bambancin ɗan'uwansa da tausasawa. Gaskiya ne ƙauna ba ta gushe ba. Amma a wannan wurin ne kuma aka ce Jules ya ji wani sauƙi ya sauko masa bayan mutuwarsu. Mutumin da ya ji an sauke masa kaya ranar da ya rasa matarsa da amininsa a lokaci guda, abin da ke tsakaninsu ya daɗe da zama nauyi.

## Gardamar tarbiyya

Babu tsiraici a fim ɗin. Abin da ya tayar da hankalin masu tacewa a 1962 shi ne an nuna matar aure da maza biyu ba tare da an nuna wani da yatsa an ce shi ne mugu ba, an kuma yi shi da kyau, da kiɗan Georges Delerue da waƙar Le Tourbillon da Moreau ta rera, wadda ta yi tashe ita kaɗai. A Amurka ƙungiyar Katolika mai sa ido kan fina-finai, Legion of Decency, ta sa shi a jerin waɗanda ta yi tir da su. Hujjar wannan ɓangare ita ce abin da aka ƙawata yana shiga zuciya kafin hankali ya tace shi, kuma matashi zai tuna tseren gada da dariya, ya manta da gawa.

Masu kare fim ɗin na cewa a kalle shi har ƙarshe. Gwajin da mutanen uku suka yi bai haifar da ɗa ba, bai haifar da kwanciyar hankali ba, ya ƙare da toka a cikin tukwane biyu. Jim da bakinsa ya amsa cewa sun yi wasa da tushen rayuwa kuma sun faɗi. A ganinsu, da wuya a sami wa'azin da ya fi wannan nuna cewa hanyar ba ta ɓullewa.

Su ma masu fafutukar 'yancin mata ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Wasu na ganin Catherine mace ce da ta ƙwaci irin damar da maza suka ba kansu, a ƙasar da sai a 1965 doka ta bar matar aure ta kama aiki ko ta buɗe asusun banki ba da izinin miji ba, kuma sai a 1975 aka yarda da saki bisa amincewar juna. Wasu kuma na cewa mafarkin maza ce kawai: namiji ya rubuta littafin, namiji ya ba da umarni, namiji ke ba da labari, ita kuwa ba a nuna mata sana'a ko ƙawa ta kusa ba, a ƙarshe kuma an mai da ita mai kisa.

Ga Musulmi da Kirista, hukuncin zaman da aka nuna a bayyane yake, haramun ne, kuma fim ɗin bai canza wannan ba. Inda ake saɓani shi ne ko nuna abu daidai yake da yarda da shi, tambayar da kowace hukumar tacewa ke fama da ita, har da ta Jihar Kano da aka kafa a 2001.

## Abin da ya taɓa mutanen gari

Tasirin farko na masu sana'ar fim ne. Nasarar irin waɗannan fina-finai ta nuna wa matasa a ƙasashe da dama cewa ba sai da katafaren kamfani ake yin fim mai daraja ba. Na biyu na iyaye ne. A 1962 mai tsaron ƙofar sinima ne ke aiwatar da dokar shekara 18. Yau fim ɗin na iya shiga waya ta intanet, ƙofar kuma babu mai gadi, don haka hukuncin wa zai kalla ya dawo cikin gida. Fim ne na manya, saboda batunsa da kuma yadda ya ƙare da kisan kai.

Na uku ya shafi Faransawa da Jamusawa. Fim ɗin ya fito shekara 17 kacal bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da gidaje da yawa ke da wanda Jamusawa suka kashe ko suka tsare. Nuna mai jin Jamusanci a matsayin mafi taushin zuciya a labari ba ƙaramin abu ba ne a wancan lokaci. Shekara guda bayan haka, a Janairun 1963, shugaban Faransa Charles de Gaulle da shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma Konrad Adenauer suka sa hannu kan yarjejeniyar Élysée ta ƙawancen ƙasashen biyu, wadda ta buɗe hanyar musayar ziyara tsakanin matasansu. Fim bai jawo yarjejeniya ba, amma iska ɗaya ce ta kaɗa su.

## A bayan kyamara

Truffaut kansa bai tsira daga abin da ya nuna ba. Shi da Oskar Werner, wanda ya fito a Jules, sun ɓata a wajen ɗaukar fim ɗin Fahrenheit 451 na 1966, ba su sake aiki tare ba. Truffaut ya mutu ranar 21 ga Oktoban 1984 yana da shekara 52, Werner ya bi shi bayan kwana biyu.

Ɓatawar da ta fi zafi ita ce tasa da Godard. Tare suka taso a Cahiers, Truffaut ne ya ba da labarin da Godard ya gina dogon fim ɗinsa na farko a kai, tare kuma suka tsaya aka dakatar da bikin Cannes a Mayun 1968 don mara wa ɗalibai da ma'aikata masu yajin aiki baya. Daga nan Godard ya nutsa cikin siyasar juyin juya hali, Truffaut ya ci gaba da fina-finan labari. A 1973, bayan Godard ya kalli fim ɗin Truffaut mai suna La Nuit américaine, ya rubuta masa wasiƙa yana kiransa maƙaryaci, a cikinta kuma ya nemi ya sa kuɗi a fim ɗinsa na gaba. Truffaut ya mayar da amsa mai shafi kusan 20, ya amayar da duk abin da ya daɗe yana haɗiyewa. Waɗannan sun faɗa wa juna abin da Jules da Jim suka kasa faɗa, amma bayan an tara shi shekaru, kuma a takarda. Ba su shirya ba har Truffaut ya mutu. Da aka tattara wasiƙunsa aka buga a 1988, har da waɗancan biyun a ciki, Godard ne ya rubuta gabatarwar littafin.